Daga Kasablanka Zuwa Duwatsun Atlas: Tafiyar Wani Ɗalibinmu da Tambayar da Ya Kasa Amsawa

(Jawabin da tsohon Hedimastan makarantar firamare ta garinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)





Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama, ya kuma bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai. Mun shafe shekara 35 muna riƙe da alli, kuma duk wanda ya daɗe a aji ya san babu ranar da ta kai wa malami daɗi irin ranar da ɗalibi ya zo masa da abin da bai sani ba. Irin wannan rana ce ta same mu a hutun da ya wuce, lokacin da wani saurayi ya yi mana sallama a zaure, ya zauna tun daga la'asar har aka kira isha'i yana ba mu labarin wata tafiya da ya yi. Labarin nasa za mu maimaita muku yau, tare da ɗan abin da muka sani game da wuraren da ya ratsa.

Yaron ɗan wani tsohon ɗalibinmu ne, wato jika ke nan a wurinmu. A Kano aka haife shi, a can ya yi firamare da sakandare. A 2021 ya samu gurbin karatu a ƙasar Maroko, ya yi shekara guda yana koyon Faransanci a Rabat, sannan ya wuce Jami'ar Hassan na Biyu da ke Kasablanka. Mun nemi izninsa kafin mu kawo zancen nan, ya amince bisa sharaɗin mu sakaya sunansa.

Birnin da ya taso

Kasablanka shi ne birni mafi girma a Maroko, mai mutane sama da miliyan uku, yana bakin Tekun Atlantika. A nan babbar tashar jiragen ruwa take, da manyan bankuna da masana'antu, da masallacin nan na Sarki Hassan na Biyu wanda aka buɗe a 1993, mai hasumiyar da tsawonta ya kai kimanin mita 200. Yaron ya ce mana bai ji baƙunta sosai a can ba, domin birni duk birni ne: cunkoson motoci, kuɗin haya, kowa da harkar gabansa, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba.

Abu guda ya lura da shi. Yawancin masu ƙananan kantuna na cikin unguwanni mutanen kudu ne, daga yankin Sus da duwatsun Atlas. Suna buɗewa tun da sassafe, ba sa rufewa sai dare ya raba, kuma idan biyu daga cikinsu suka haɗu sai su bar Larabci su koma harshensu na Tashalhit, ɗaya daga cikin harsunan Amazig. Abokin ɗakinsa a jami'a ɗan irin waɗannan mutane ne. Shi ne ya gayyace shi ƙauyensu a dogon hutu na watan Agusta 2023.

Daga jirgin ƙasa zuwa bayan alfadari

Sun shiga jirgin ƙasa da safe, suka yi tafiyar kusan awa uku, kimanin kilomita 240, zuwa Marakesh. Wannan birni Murabiɗai ne suka kafa shi wajejen shekarar 1070, kuma ko ba mu taɓa taka shi ba, ba baƙo ba ne a zaurukanmu. A can kabarin Alƙali Iyal yake, mai littafin Ashafa da ake karantawa a garin nan, wanda ya rasu a 1149. A can kuma aka binne Shehu Jazuli, mai Dala'ilul Hairati. Can aka kai Shehu Ahmad Baba na Tumbutu a 1594 bayan rundunar Maroko ta ci daular Songhai, ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma gida a 1608. Da yaron ya shiga layin dukawa a kasuwa ya ga jajayen fatu, sai ya tuna abin da aka koya masa a aji, cewa jemammiyar fatar jan akuyar Sakkwato ce ayarin raƙuma ke kaiwa Arewacin Afirka, Turawa su saya su kira ta fatar Maroko.

Daga Marakesh suka shiga tasi mai ɗaukar mutum shida, suka nufi kudu. Bayan garin Tahanawut sai fili ya ƙare, hanya ta shiga tsakanin duwatsu tana lanƙwasa, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo mai zurfi a ɗayan. Suka tsaya a Asni, kimanin kilomita 50 daga Marakesh, inda kasuwa ke ci ranar Asabar. Daga nan abokin ya nuna masa ƙololuwar Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Domin ku kwatanta, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Da hunturu dusar ƙanƙara kan lulluɓe waɗannan ƙololuwa, idan ta narke da bazara ita ce ke cika koguna. Ku riƙe wannan, domin rayuwar mutanen duka a kanta ta rataya.

Suka wuce Wirgan, suka bi kwarin kogin Nafis har suka sauka kusa da Ijukak. Daga nan kwalta ta rabu da su. Wata tsohuwar a-kori-kura ta ɗauke su kan hanyar burji, inda ta tsaya kuma ƙanin abokin yana jiransu da alfadari. Aka ɗora kaya, su kuma suka taka. Ɗan Kano da bai taɓa hawan abin da ya wuce Dala ba, ya ce sau huɗu yana zama yana haki, wata tsohuwa ɗauke da damin ciyawa ta wuce shi tana yi masa dariya.

Ruwa da doka

Ƙauyen maƙale yake a jikin dutse, gidajen ƙasa da duwatsu, wani a kan wani, rufin na ƙasa shi ne farfajiyar na sama. An yi haka ne da gangan, domin duk wurin da ruwa zai iya kaiwa ba a yarda a gina ɗaki a kansa ba. Gonakin kuwa kamar matakala suke. An sassaƙe jikin dutsen, an tare kowane hawa da katangar duwatsu, an zuba ƙasa, wani hawan faɗinsa bai wuce tabarma uku ba. A nan suke shuka sha'ir da masara da dankali da albasa, da itatuwan zaitun da tuffa da wani mai ƙwanso da Larabawa ke kira jauzi.

Ruwan da ke raya waɗannan gonaki ana tare shi ne can sama, a bi da shi ta wata siririyar magudana da suke kira targa, wadda ke bin gefen dutse har ta iso gari. Kowane gida yana da nasa lokaci: wani daga asuba zuwa hantsi, wani daga azahar zuwa la'asar, wani kuma cikin tsakar dare. Idan lokacinka ya zo sai ka je ka buɗe bakin fangalinka ka toshe na maƙwabci, idan ya ƙare ka mayar, ko da shukarka ba ta ƙoshi ba. Majalisar dattawan gari, wadda suke kira jama'a kamar yadda muke faɗa, ita ke tsara rabon, ita ke cin tarar wanda ya saci ruwa. Idan magudanar ta cike ko ta karye, kowane gida ya ba da mutum guda. Sunan wannan aiki tiwizi. Da aka bayyana wa yaron ma'anarsa sai ya ce ai gayya ke nan, kalmar da ya ce a littafin Hausa na sakandare kaɗai ya taɓa cin karo da ita.

Akwai kuma dokar da suke kira agdal, wato a rufe makiyaya ko a hana taɓa 'ya'yan itace har zuwa ranar da jama'a ta sanya. Mafi shahara ita ce ta makiyayar Ukaimedan, wadda ake rufewa daga 15 ga Maris, ba a shiga da dabba sai 10 ga Agusta, domin ciyawa ta girma ta zubar da iri. Ba soja ke gadin wannan doka ba. Kunyar idon jama'a da tara su ke riƙe da ita, tun kaka da kakanni.

A masallaci ya tarar da yara riƙe da alluna suna karatu da ruwayar Warshu, rubutun kuwa irin na allonmu, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama. Da ya karɓi allon wani yaro ya karanta ba gargada, liman ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. A allon makarantar boko kuma ya ga haruffan Tifinag, dangin waɗanda Abzinawa ke rubutu da su a Nijar, domin tun 2011 tsarin mulkin Maroko ya amince da harshen Amazig a matsayin harshen hukuma tare da Larabci. Sakandare tana da nisa, shi ya sa ake gina gidajen kwanan ɗalibai mata a garuruwa irin su Asni, domin 'yar da ta gama firamare a kan dutse kada nisa ya yanke mata karatu.

'Ya'yan da ke birni

A jikin bangon ɗakin taron gari ya ga takarda a manne, jerin sunaye ne, kowane da adadi a gabansa. Sunayen 'yan garin ne mazauna Kasablanka da Agadir da Marakesh da Faransa, da abin da kowa ya biya a shekarar. Da wannan kuɗi aka fasa hanyar burjin da suka biyo, aka gina tankin ruwan sha, ake biyan mai kula da injin. Na gida kuwa, wanda ba shi da kuɗi, kwanakin aikin da ya yi ake rubuta masa.

Wannan tsari yana da tarihi. A 1986 wasu ma'aikata 'yan Maroko a Faransa, waɗanda masana'antar gorar ruwa da suke aiki a cikinta ta tashi rufewa, suka kafa ƙungiya mai suna Migrations et Développement, wato ƙaura da ci gaba, ƙarƙashin jagorancin Lahoussain Jamal. Suka fara da kai wutar janareta ƙauyensu na Imgun a yankin Taliwin, da sharaɗin mutanen gari su kafa ƙungiya, su ba da nasu kason, su riƙa biyan kuɗin wuta. Ƙauyuka da yawa suka kwaikwaya. Daga baya gwamnati ta fito da babban shirin kai wuta karkara, inda ita ma ta raba nauyin tsakanin hukumar lantarki da ƙananan hukumomi da masu gida. A 1995 kashi 18 cikin ɗari ne na karkarar ƙasar ke da wuta. Kafin 2020 an haura kashi 99.

Tambayar tsoho

A dare na uku suna zaune a kan rufin gida ana shan shayi da na'a-na'a, sai kakan abokin, dattijo mai shekaru da yawa, ya sa jikansa ya yi tafinta. Ya ce, "Ɗana, ina ne garinku?" Yaro ya ce Kano. Tsoho ya ce, "Wannan ai inda kuke neman abinci ne. Ina aka binne kakanka?" Yaro ya faɗi sunan garin nan. Tsoho ya ji daɗi ya gyara zama. Ya tambaye shi daga ina mutanen garin ke samun ruwa. Yaro ya yi shiru. Me ake shukawa a gonar gidanku, kuma wa ke noma ta yanzu? Shiru. Gida nawa ne a unguwarku? Idan ka sauka a tasha da dare, za ka iya kai kanka ƙofar gidan kakanka ba tare da tambaya ba?

Yaron ya ce mana, "Wallahi Baba, na rubuta jarrabawa da Turanci da Faransanci, ban taɓa faɗuwa irin ta wannan dare ba." Sau uku kaɗai ya taɓa zuwa garin nan, biyu ta'aziyya, ɗaya ɗaurin aure, kuma duk bai kwana ba. Tsohon bai yi masa faɗa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ya je ya tambayo, baɗi ya kawo masa amsa.

Daren 8 ga Satumba

Sun koma Kasablanka a ƙarshen Agusta. Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2023, da ƙarfe 11 da minti 11 na dare, kuma agogonsu ɗaya da namu a lokacin, ƙasa ta girgiza. Ƙarfinta ya kai 6.8 a ma'auni, cibiyarta kuma tana cikin duwatsun nan, kimanin kilomita 70 kudu maso yammacin Marakesh. Masana sun bayyana cewa doron Afirka yana tura na Turai sannu a hankali, 'yan milimitoci a shekara, kuma wannan turereniya da ta tayar da duwatsun Atlas tun farko ita ce ta motsa a daren. Abubuwa uku suka haɗu suka tsananta ɓarnar: girgizar ba ta yi nisa a ƙarƙashin ƙasa ba, ta zo mutane suna cikin ɗaki, gidajen kuma na ƙasa da dutse ne masu nauyin rufi, babu ƙarfe a jikinsu. Mutum sama da 2,900 suka rasu, mafi yawansu a lardunan Hauz da Tarudant. Gidaje sama da 50,000 suka rushe ko suka tsage. Tsohon masallacin Tinmal da ke kwarin Nafis, wanda Muwahhidai suka gina a tsakiyar ƙarni na 12, mafi yawansa ya zube.

Har a Kasablanka an ji ta, mutane suka kwana a titi. Abokin ya yi ta kiran gida, waya ba ta shiga. Kafin gari ya waye, 'yan ƙauyen da ke birnin sun hallara a kantin ɗaya daga cikinsu. Babu wanda ya tsaya neman lambar wani, domin takardar sunayen nan tana hannun ma'aji. Aka yi karo-karo, aka sayi barguna da fulawa da mai da likkafani da shebur, aka cika motoci. Yaronmu ya bi su.

Duwatsu sun gangaro sun toshe hanyar Nafis, sai da motocin sojoji da na ma'aikatar ayyuka suka buɗe ta kaɗan-kaɗan. Inda mota ta tsaya suka ɗora kaya a ka da bayan alfadarai. Da suka isa, suka tarar waɗanda suka tsira sun riga sun tono mafi yawan mutane da hannu da fartanya, domin kowa ya san ɗakin da kowa ke kwana. Mahaifin abokin ya tsira saboda a daren lokacin ruwansa ne, yana can gona da fitila. Kakan kuwa yana cikin ɗaki. An binne shi kafin su iso. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaron ya ce abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda 'yan birnin nan, masu kantuna da direbobi da ɗalibai, suka tsaya a kan tarin ƙasa inda babu sauran alamar lungu, suna nunawa suna cewa nan gidan wane ne, mutum kaza ke ciki, saura wance ba a gani ba. Gwamnati ta yi alkawarin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe duka, 80,000 ga wanda nasa ya lalace, da dirhami 2,500 kowane wata na shekara guda. Amma ginin ya yi jinkiri a wurare da yawa, kuma shekara guda bayan girgizar akwai iyalai masu yawa da ke cikin tantuna, sun ci hunturu a ciki. A ƙauyen abokin nasa, aikin gayya na farko da jama'a ta kira bayan makoki shi ne gyaran magudanar ruwa, domin idan itatuwa suka bushe, ko an gina gidaje babu abin da zai zaunar da mutane.

Abin da muka tsinta

Jama'a, tafiya mabuɗin ilimi ce, amma mu da muka yi aikin koyarwa mun san mabuɗi ba ya amfani sai an sa shi a ƙofa. Yaron nan ya ƙetare Sahara, ya hau dutsen wasu, kafin ya gane bai san hanyar gidan kakansa ba. Laifin ba nasa ba ne. Mu ne muka haife su a birni, muka kai su makarantu masu kyau, muka riƙa barinsu a gida idan za mu zo ganin dangi, muna cewa akwai sauro, babu wuta, ruwan zai ɓata musu ciki. Da yawanmu nan muna aiko da kuɗi, Allah ya saka da alheri. Sai dai kuɗi ba ya gane lungu. Allah ya kiyaye mu da girgizar ƙasa, amma mun ga abin da ambaliya ta yi wa Maiduguri a Satumba 2024 da Mokwa a Mayu 2025. Idan irin wannan rana ta zo, kuma mu ba ma nan, wa zai taso daga Abuja ya tsaya ya ce nan gidan wane ne?

Roƙonmu guda ne, kuma ba ya buƙatar kwamiti. Duk mai ɗa ko 'ya da suka kai shekara goma, ya kawo su garin nan a dogon hutu mai zuwa, su yi ko da mako biyu. Su kwana, su ɗebo ruwa, a kai su gona, a nuna musu maƙabarta, a zaga da su gida-gida ana faɗa musu wane ne wane. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ba ta saba da hanya tana ƙarama ba, da wuya ta koye ta da furfura.

Shi dai yaron ya fara. Da ya kammala karatu ya dawo, kwana goma sha biyu ya yi a garin nan da littafin rubutu a hannu. Ya ƙirga rijiyoyi, ya gano waɗanda ke ƙafewa da rani, ya je gonar gidansu ya ga wanda ke noma ta, ya zana unguwarsu gida-gida. A daren da ya zo mana ya nuna mana littafin, muka gyara masa sunaye biyu. Ya ce zai juya shi zuwa Faransanci ya aika wa abokinsa, a karanta wa mahaifinsa da sauran dattawan ƙauyen, tun da wanda ya yi tambayar ba ya nan.

Allah ya jiƙan wannan dattijo da duk waɗanda suka rasu a wancan dare, ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.